Man Fayin A Kasuwannin Duwala: Suna Ɗaya, Haja Uku

Duk wanda ya taɓa kwana a Unguwar Hausawa ta New Bell daren Juma'a ya san cewa hanci ne ke fara gaya wa mutum ranar da aka wayi gari. Tun da hantsi hayaƙin turaren wuta ke fitowa ta tagogi da ƙofofin zaure, ya gauraya da ƙamshin tsire da na gasasshiyar ayaba, har ya danne warin kwatocin da ruwan saman Duwala ba ya bari su bushe. Kafin ladan ya yi kiran farko kuwa, masu tebur sun riga sun jeru a hanyoyin da suka nufi babban masallaci, kowa da 'yan kwalabensa na miski da sandal da ambar da Bintu Sudan, yana ɗiga wa masu wucewa a bayan hannu ko Allah zai sa a yi ciniki.

Daga cikin irin waɗannan kwalabe ne maganarmu ta yau ta taso. Makonni kaɗan bayan Babbar Sallah wani bawan Allah, wanda ke sarin kaya a nan Duwala yana kaiwa Garwa-Bulai da ke kan iyakar Kamaru da Afirka ta Tsakiya, ya same mu a gidan rediyo muna sauka daga shirin 'yan kasuwa, riƙe da jarka mai cin lita biyar wadda aka sha kusan rabinta. Ya roƙe mu kada mu ambaci sunansa, mun kuma amince, haka shagon da ya sayi jarkar ma ba za mu ambata ba.

Abin da ya faru shi ne, wasu abokan cinikinsa da ke zuwa daga Bangi sun dame shi da tambayar wani turaren maza mai sanyin ƙamshi, irin na Pino Silvestre, wato turaren nan na Italiya mai koriyar kwalba da aka fara yi a birnin Banis a 1955. Ainihin turaren ya fi ƙarfin aljihun masu sayayya a kan iyaka, don haka Alhajin ya yi shawarar ya haɗa nasa. Wani ya raɗa masa cewa sirrin abin shi ne man itacen fayin, wanda masu jin Faransanci ke kira "huile de pin". Ya shiga wani shago da ke sayar wa masu yin sabulu sinadarai, ya faɗi sunan, aka miƙo masa jarka a farashin da ya sa ya ƙi tsayawa a lita ɗaya. Ya zuba a madarar turarensa da yalwa, ya ɗura a ƙananan kwalabe, ya hau mota.

Ba a yi mako biyu ba kaya suka fara dawowa. Wani ya ce in ya shafa sai a riƙa tambayarsa wa ya kai asibiti. Wata Hajiya mai haɗa humra ta zuba kwalba uku a haɗin da ta yi wa amarya, haɗin ya lalace baki ɗaya, ga biki ya matso. Wani matashi kuma wuyansa ya yi ja ya feso da ƙuraje. Alhajin ya mayar wa kowa kuɗinsa, ya biya Hajiya kayan haɗinta, amma ya shaida mana cewa ba asarar kuɗin ce ta hana shi barci ba, a'a, ganin yadda mutanen da suka shekara goma suna tsayawa a rumfarsa yanzu suke gaishe shi daga nesa su wuce.

Da muka buɗe jarkar, nan take ɗakin ya ɗauki warin barandar asibiti da aka goge da asuba. A jikinta an rubuta "Pine oil 65". Mai shagon bai yi masa ƙarya ba. Abin da ya tambaya aka ba shi. Matsalar ita ce haja uku ne ke amsa wannan suna, ɗaya ce kawai daga cikinsu ta dace da fatar ɗan Adam, ita ma sai da sharaɗi.

Me ya haɗa Duwala da turare?

Ga masu karatunmu na Mubi da Banki da Gamboru da Kusiri da ba su taɓa zuwa nan ba, ya kamata mu ɗan yi bayani. New Bell ta samo asali ne daga shirin Jamusawa na tashin 'yan ƙabilar Duwala daga bakin kogin Wuri a mayar da su bayan gari, shirin da sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi amincewa da shi har aka rataye shi ran 8 ga Agusta, 1914. Masu garin ba su ƙaunaci sabon wurin ba, sai baƙi suka cika shi: Hausawa fatake da mahauta, Bamilike, Basa, mutanen Yawunde, da 'yan Afirka ta Yamma iri-iri. Kasuwar Santiral da kasuwar Kongo da ta Nkololun duk a wannan yanki suke, shi ya sa har gobe ɗan kasuwar da ya sauka Duwala daga arewa, New Bell yake fara nufa ya ajiye jakarsa.

Tashar jiragen ruwan garin kuwa ita ce ƙofar Chadi da Afirka ta Tsakiya, waɗanda ba su da teku. Gangar madarar turare da aka sauke a nan tana iya bin jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, inda layin dogo ya tsaya tun 1974, daga nan mota ta ɗauka zuwa Garwa da Marwa da Kusiri, ko ta karkata gabas ta nufi Garwa-Bulai da Bangi, ko ta yi kudu zuwa Kiye-Osi inda Kamaru da Gabon da Ikwatoriyal Gini suka haɗu. Akwai kuma masana'antun turare da man shafawa a cikin garin kansa, irin su Gandour. Ba banza ba mata a Kano da Maraɗi, waɗanda ba su taɓa ganin kogin Wuri ba, suka san turare ɗan Duwala.

Itacen da hajojinsa uku

Fayin itace ne na ƙasashen sanyi, dogo, miƙaƙƙe, ganyensa kamar allurai, ba ya kaɗewa rani da damina. Wanda ya taɓa bin hanyar Jos, ko dajin gwamnati na Afaka kusa da Kaduna, ko dajin Melap da ke kusa da Fumban, ya ga irinsa, domin an dasa shi a wuraren saboda katako. Kada a haɗa shi da dogayen itatuwan nan masu fito in iska ta kaɗa da ake gani a bakin teku, waɗanda Faransawa ke kira filawo. Kama ce kawai, ba dangi ba ne. Man da muka gani a kasuwanninmu dai duk ta jirgin ruwa ya shigo.

Haja ta farko ita ce man ganye, shi ne na turare. Ana tara ganyen da ƙananan rassa a cikin babbar tukunya, a turara su kamar yadda ake turara dambu a madambaci, tururin ya kwashi man ya bi ta bututu, ya huce ya koma ruwa, man ya taso sama a kwalfe. Kilo 100 na ɗanyen ganye bai cika ba da lita guda ba, sau da yawa ko rabin lita ba a samu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai hankali cewa man ganye na gaskiya ba zai zo a jarka da araha ba. Ana yin sa a Ostiriya da Rasha da ƙasashen Balkan da Faransa, a jikin kwalbar kuma akan rubuta sunan itacen na ilimi, galibi "Pinus sylvestris". Akwai wani ɗan'uwansa daga Saiberiya, "Abies sibirica", wanda ake sayarwa da sunan fayin shi ma, ƙamshinsa ya fi zaƙi da taushi, masu yin sabulun wanka sun fi son sa.

Haja ta biyu tarfantin ce. Ita ba daga ganye take fitowa ba, daga ƙaron itacen ne. Ana tsaga ɓawon kamar yadda ake yi wa itacen roba a gonakin Tiko ko daƙwara a Barno, ƙaron ya tsiyaya cikin ɗan kasko. In an dafa shi, kusan kashi ɗaya cikin biyar ya tashi ya zama tarfantin, sauran ya daskare ya zama wani danƙo ruwan zuma. Mu ma'aikatan rediyo mun daɗe da sanin wannan danƙo ba tare da mun san sunansa ba: shi ne ke ba da ɗan ƙamshin nan da ke tashi idan mai gyara ya ɗora ƙarfe mai zafi a kan dalma yana liƙe waya. Ita tarfantin aikinta sirka fenti da wanke burushi. A yau Sin da Barazil da Indonesiya ne manyan masu tatsar ƙaron, wani kaso mai yawa kuma yana fitowa ne daga masana'antun takarda na Amurka da arewacin Turai, inda ake dafa katakon fayin.

Haja ta uku ita ce wadda Alhajinmu ya saya. Ana ɗaukar tarfantin a sarrafa ta da ruwa da asid, ta koma wani mai mai nauyi da ke kashe ƙwayoyin cuta da wari. Lambar da ke jikin jarkar, 50 ko 65 ko 85, tana nuna yawan sinadarin da ke wannan aiki ne a cikin ɗari. Shi ake zubawa a ruwan goge daɓe da na wanke bayan gida, yana kuma cikin abubuwan da ke ba Dettol warinsa da kowa ya sani tun shekarun 1930. To, wanda ya shafa wannan a wuya ranar Juma'a, ina laifin wanda ya tambaye shi jikin mai jiki?

Yana cikin kwalabenku tun tuni

Abin da ya fi ba mu mamaki a wannan bincike shi ne gano cewa ɗan kasuwar da bai taɓa jin sunan fayin ba, ya shekara da shekaru yana sayar da shi. A cikin tarfantin akwai wani sinadari da ake kira finin, iri biyu, alfa da beta. Masana haɗa sinadarai sun gano yadda za su juya shi ya koma wasu ƙamshi da ba su da alaƙa da daji ko kaɗan. Daga gare shi ake samun linalol mai ƙamshin fure, da jeraniyol da sitironelol masu ƙamshin wardi, da sitiral mai ƙamshin lemun tsami. Gaskiya ne ana yin wasu daga cikinsu daga man fetur ma, hanyoyin biyu suna gogayya a kasuwar duniya, amma kason itace ba ƙarami ba ne.

Ɗauki sandal. Ainihin itacen sandal na Indiya sai ya shekara goma sha biyar zuwa sama kafin ya yi man kirki, tsadarsa kuma ta wuce a ɗura shi a kwalbar da ake sayarwa a bakin masallaci. Galibin abin da muke kira sandal a tebur haɗin masana'anta ne, kuma da yawa daga sinadaran da ke ba shi wannan ƙamshi daga finin aka ƙera su. Wannan ba zargi ba ne ga kowa, haka harkar take a duniya duka, har a manyan shagunan Faris da Dubai. Sanyin nan mai kama da sabon wanki da ake ji a Drakkar Noir na 1982 da Cool Water na 1988, da dubban kwaikwayonsu da suka cika kasuwar Kongo, daga wani sinadari ne mai dogon suna, dihydromyrcenol, shi ma jikan tarfantin ne. Haka Iso E Super, wanda kamfanin IFF na Amurka ya fito da shi a shekarun 1970, wanda da wuya ka buɗe turaren maza na zamani ba ka same shi ciki ba. Kai, hatta kafur ɗin da ake sa wa a ruwan wankan mamaci, mafi yawan na kasuwa daga tarfantin ake yin sa.

Ko tarihin Bintu Sudan sai da ya ratsa ta dajin fayin. Wani Bature mai suna Eric Burgess, wakilin kamfanin W.J. Bush na Landan, shi ya kai samfurin kayan ƙamshin Sudan gida aka haɗa turaren a 1920, ba tare da giya a ciki ba, abin da ya sa ya karɓu a ƙasashen Musulmi. An daɗe ana ɗura shi a Kano, a kamfanin Gongoni. A 1966 kamfanin Bush ya haɗe da wasu biyu ya zama Bush Boake Allen, a 1982 kuma wani kamfanin takarda na Amurka, Union Camp, ya saye shi. Me mai yin takarda zai yi da kamfanin turare? Amsar ita ce tarfantin da ke fita daga injinansa, wadda yake son a mayar masa da ita ƙamshi. Daga baya, a shekarar 2000, IFF ya saye kamfanin. Ba muna cewa akwai man fayin a kwalbar Bintu Sudan ba ne, sirrin haɗinta na masu ita ne; muna nuna yadda itacen da kasuwar turare suka sarƙe ne.

Faransawa ma suna da nasu labarin. Yankin Land da ke kudu maso yammacin ƙasar a da fadama ce da rairayi, sai a 1857 Sarki Napoleon na Uku ya kafa dokar da ta tilasta wa garuruwan yankin janye ruwan su dasa fayin. Dajin ya kai kimanin hekta miliyan ɗaya, dubban iyalai suka rayu a kan tatsar ƙaro, har zuwa wajen 1990 lokacin da ƙaron ƙasashen waje mai araha ya kashe sana'ar. Sai dai kamfanin DRT na garin Daks, da masu dajin suka kafa a 1932, bai mutu ba, ya ci gaba da sarrafa tarfantin da yake sayowa daga ko'ina, har a 2020 kamfanin turare na Firmenich da ke Suwizalan ya saye shi a kan kimanin Yuro biliyan 1.7. Mai karatu ya auna da kansa irin darajar da manya suka ba abin da mu muke ɗauka ruwan wanke burushi ne.

Sannan hancin Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan ƙamshi. Itacen hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, da ke fitowa a duwatsun arewacin Najeriya da arewacin Kamaru, ƙaronsa cike yake da wannan alfa-finin ɗin. Idan tsohuwa ta jefa ƙaron hano a garwashi, ɗan kaifin nan mai sanyi da ke fara tashi kafin hayaƙin ya yi nauyi, ɗan'uwan ƙamshin fayin ne na jini.

Aikinsa a cikin haɗi

A nan ne masu haɗi da yawa ke kuskure, ko da sun sami man ganye na gaskiya. Mutanenmu turaren da ke kama jiki suke so, wanda za a wanke riga a goge a ji shi. Man fayin ba ya wannan aiki. Yana cikin masu saurin tashi, shi ne ke fara dukan hanci idan an buɗe kwalba, ya ba haɗin haske da sanyi, cikin ɗan lokaci ya wuce ya bar fili ga sandal da miski da ambar. Wanda ya ƙara shi don turare ya daɗe, ya yi aikin banza, ya kuma jawo wa haɗinsa warin maganin daɓe, domin ko na gaskiyar ne in ya yi yawa can yake komawa. Masu haɗin da suka san aikinsu da ɗigo suke auna shi, ba da murfi ba. Yana tafiya da lemun tsami da lubban da jema da itacen sida a turaren maza. A ganinmu ba shi da gurbi a humrar amarya, inda ake neman ɗumi da zaƙi. Kajiji da farce da sandal sun wadatar.

Sai babbar magana, wadda ta fi shafar masu kai kaya iyaka. Man fayin ba ya shiri da iska da zafi da hasken rana. Idan suka daɗe suna taɓa shi, sai ya canza, ya haifar da wasu sinadarai da ake kira feroksaid, su ne ke sa fata ƙaiƙayi da ja da ƙuraje. Mugun abin shi ne, jikin da ya riga ya kamu da wannan ƙyama ba ya mantawa, ko bayan shekaru ya sake haɗuwa da ɗan kaɗan sai ya tashi. Saboda haka ne ƙungiyar masu yin turare ta duniya, IFRA, wadda aka kafa a 1973, ta shar'anta cewa kada a sa man dangin fayin a turare sai feroksaid ɗinsa bai kai milimol 10 a kowace lita ba. Ba mu da na'urar auna wannan a kasuwar Santiral, amma muna da hankalin da za mu gane cewa daga Duwala zuwa Njamena kusan kilomita 1,800 ne, kaya kan yi kwanaki a saman mota ƙarƙashin tamfol, a tsaya a shingen jandarma, a tsaya a na duwan, sannan a sauke su a Kusiri a watan Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40. Man da ya bar Duwala lafiyayye a cikin jarkar roba da ba ta cika ba, yana iya isa can ya zama abin da zai ɓata wuyan mai saye da sunan mai sayarwa.

Maganin abin ba tsada gare shi ba. A sayi kaɗan, gwargwadon abin da zai ƙare cikin 'yan watanni. A zuba a kwalbar gilashi mai duhu ko gwangwanin alminiyam, a cika ta har wuya don kada iska ta sami wurin zama, a toshe da kyau. Roba ba ta dace ba, man yana cin wasu irinta. A mota a sa shi a tsakiyar kaya, a shago a ajiye shi ƙasa inda ya fi sanyi, ba a kan tebur a rana don jan hankalin masu wucewa ba. Wanda ya shekara biyu a buɗe, a haƙura da sa shi a abin shafawa.

Kafin ka biya kuɗi

Ga 'yan dabarun da muka gwada da hannunmu a kan jarkar Alhaji da wata ƙaramar kwalbar man ganye da muka samo. Na gaskiya fari ne kamar ruwa ko ya ɗan yi rawaya kaɗan. In ka ga kore shar, rini aka sa. Ɗiga shi a farar takarda ka ajiye: man ganye zai tashi bai bar maiƙo ba, in ya bar tabo irin na ƙosai to an sirka shi da wani mai. Ɗiga shi a kofin ruwa: zai yi iyo a sama, idan kuwa ruwan ya koma fari kamar madara, maganin daɓe ne da aka riga aka haɗa da sabulu. Idan ya yi kauri, yana danƙo a yatsa, warinsa ya koma na tsohon fenti, ya tsufa. Sai dai mu faɗi gaskiya, gwajin takarda ba ya tona asirin man ganyen da aka sirka da tarfantin, domin ita ma tashi take yi, kuma wannan ita ce algus ɗin da aka fi yi. A nan sai hanci da amanar wanda ka saba saye a wurinsa. Ka nemi ya nuna maka takardar bayanin kaya daga masana'anta, da lambar ganga da ranar da aka yi ta. Dillalin da ya fusata don an tambaye shi takarda ya riga ya ba ka amsa.

A kula da rubutun jiki. "Huile essentielle de pin sylvestre" shi ne man ganye. "Essence de térébenthine" tarfantin ce. "Huile de pin" ko "Pine oil" mai lamba a gaba na daɓe ne. "White spirit" kuwa ko kusa da itace bai je ba, daga man fetur yake. Idan an gama haɗi, a ɗura kwalba ɗaya a bar ta mako guda, a shafa kaɗan a cikin hannu a jira kwana biyu kafin a ɗura sauran.

Akwai kuma wani sauyi da ya kamata masu sari su sa wa ido. A 2023 Tarayyar Turai ta faɗaɗa jerin sinadaran ƙamshi da dole a rubuta sunansu a jikin kaya saboda masu ƙyamar fata, daga ashirin da 'yan kai zuwa kusan 80, ciki har da finin da tarfantin da man wasu irin fayin. Dokar ta sa 31 ga Yulin 2026 a matsayin ranar da sababbin kaya za su fara bin ta, tsofaffi kuma a gama kwashe su daga shaguna kafin ƙarshen Yulin 2028. Mu da ke zaune a bakin tashar jirgin ruwa mun san inda kayan da Turai ta gaji da su suka saba sauka. Idan aka zo maka da kwalaye masu yawa a farashin da ya yi daɗi fiye da kima, ka duba kwanan wata tun kafin jami'an ANOR a nan Kamaru ko na NAFDAC a Najeriya su duba maka.

Wuta da yara

Tarfantin tana iya kamawa da wuta tun daga zafin digiri 35, wato zafin rana na yau da kullum a rumfar kwano. Tsumman da aka goge ta da shi aka dunƙule a lungu yana iya yin zafi da kansa. 'Yan kasuwar Kongo ba sa bukatar a ba su labarin gobara, sun gani a 2012, sun sake gani a 2019. Ba mu ce turare ne ya jawo waɗannan ba, amma wuta in ta tashi ba ta tambayar wa ya kunna ta, abin da ta tarar take ci. Ko a Amurka, masana'antar Pinova da ke sarrafa ƙaron fayin a garin Brunswick ta kama da wuta a Afrilun 2023, daga nan ba ta sake aiki ba, duk da motocin kashe gobarar da suke da su. Kada a ajiye jarka kusa da janareta ko kaskon turaren wuta.

Sannan don Allah a daina zuba waɗannan mayuka a gorar ruwan sha. Fari ne, yaro ba ya bambancewa. Idan tsautsayi ya sa yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara kamar yadda aka saba, domin in man ya sarƙe shi ya shiga huhu ya fi haɗari. A ɗauke shi zuwa asibiti nan take, a tafi da gorar don likita ya ga abin da ya sha.

Shi kuwa Alhajinmu, ragowar jarkarsa ba ta tashi a banza ba. Mun raka shi wurin masu kula da bayan gidan wani masallaci a unguwa, suka karɓa da murna, domin aikin da aka yi ta dominsa ke nan. Kwalaben da aka dawo masa da su ya juye su, ya wanke. Ranar da zai koma Garwa-Bulai ya biyo ta gidan rediyo ya nuna mana abin da ya saya a wannan karon: 'yar kwalba mai duhu da ba ta fi tsawon yatsa ba, naɗe cikin tsumma a tsakiyar jakarsa, da takardarta. Ya ce kwalba goma kacal zai fara haɗawa, ta farko kuma shi zai shafa da kansa har mako guda, ta biyu ya aika wa Hajiya mai humra kyauta, ko da ba za ta karɓa ba.